Malam, An Bar Jaki Ana Dukan Taiki

Kwanan baya wani malamin makaranta ɗan garinmu Zango, wanda ya girme ni a shekaru da karatu, ya fitar da dogon rubutu yana kokawa da fim ɗin nan na Turkiyya mai dogon zango, Kurulus Osman, wanda a nan kowa ke ce wa Usman kawai. Gundarin zancensa shi ne Turkawa sun yaudare mu. A ganinsa sun fara jawo mu da Ertugrul, fim mai tsafta, tarihin Musulunci zalla, sai da muka saki jiki suka juya mana da Usman, inda ya tarar da ƙarya a tarihi, da mata masu zare takobi, da kishin kishiyoyi, da ɗa yana kashe ƙanen mahaifinsa, ga jan labari ba gaira ba dalili. Ya rufe da kira ga iyaye da Hisba da masu shagunan tura fina-finai, a haɗa kai a daina yaɗa shi a ƙasar Daura.

Ɓacin ran Malam na gaskiya ne, kuma ba shi kaɗai ba. Duk wanda ya bi fim ɗin ya san inda yake gundura. Kowane zango sai an kawo sabon kwamandan Mongol ko sabon gwamnan Rumawa, ya yi ta cika baki, ya sayi wani munafuki a cikin tantunan ƙabilar Kayi, a kama Usman a ɗaure, dakarunsa su kuɓutar da shi, a sare kan munafukin, kafin jininsa ya bushe an samo wani. Dawakai su yi ta sukuwa ana kiɗa, mutum biyu su yi ta kallon-kallo ba wanda ya ce uffan. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. A can Turkiyya kowane kashi yakan haura awa biyu, an riƙa nuna shi sau ɗaya a mako a ATV, tashar 'yan kasuwa da ke rayuwa da kuɗin talla, kuma muddin masu kallo suna zaune ba mai barin labari ya ƙare. Tun Nuwamban 2019 aka fara, aka yi ta ja har zango shida. A nan na ba Malam gaskiya ɗari bisa ɗari.

Sai dai ciwon nan Ertugrul ma ya yi shi. Tsakanin Disamban 2014 da Mayun 2019 tashar gwamnati TRT ta nuna kashi 150, waɗanda da Netflix ta daddatsa su suka koma 448. Kurdoglu ya yi munafuncinsa a zangon farko, Sa'adeddin Kopek ya karɓa, Ural ya ɗora nasa. Mutum ɗaya ne, Mehmet Bozdag, ya ƙirƙiro fina-finan biyu, da salo ɗaya. Abin da ya bambanta shi ne lokacin Ertugrul abin sabo ne a idonmu, lokacin Usman kuwa mun riga mun haddace dabarun.

Inda muka rabu da Malam tun daga tushe shi ne cewar da ya yi Ertugrul tarihi ne, Usman ƙarya. Malam, Allah ya gafarta maka, Ertugrul ya fi Usman zama ƙage nesa ba kusa ba.

Abin da masana suka tabbatar game da mutumin da ake kira Ertugrul kaɗan ne ƙwarai. Akwai tsabar kuɗi da aka buga da sunan Usman ɗan Ertugrul, ita ce babbar shaidar cewa shi ne uban wanda ya kafa daular. Akwai hubbarensa a garin Sogut. Ana ƙiyasta ya rasu wajajen 1280. Littattafan farko da suka ba da labarinsa, irin na Asikpasazade, an rubuta su ne a ƙarni na 15, kusan shekara ɗari biyu bayan an binne shi, a lokacin da jikokinsa suka zama manyan sarakuna masu bukatar asali mai ƙyalli. Ko sunan mahaifinsa ba a daidaita a kai ba, wasu littattafan sun ce Sulaiman Shah, wasu sun ce Gunduz Alp. Yaƙinsa da mayaƙan Kiristoci na Templar a zangon farko, marubutan fim ne suka tsara. Shehu Ibnu Arabi, wanda ke bayyana a daidai lokacin da jarumi ya shiga ƙunci ya yi masa nasiha, mutum ne na gaskiya, ya rasu a Dimashƙa a 1240, amma babu wata shaida cewa ya taɓa haɗa ido da Ertugrul. Bamsi mai takobi biyu, wanda yaran unguwarmu ke kwaikwayon dariyarsa, an aro shi ne daga tsofaffin almarar Turkawa na Dede Korkut. Wato daga tsabar kuɗi da kabari da 'yan layuka a tsoffin littattafai aka gina zango biyar.

To me ya sa Malam, mai ilimi, ya ɗauke shi tarihi? Ina ganin don ya zo mana cikin rigar da muka sani. Ana alwala, ana jam'i, ana zikiri a tanti, ana yanke hukunci da aya. Masu fassara kuma da suka zuba shi a Hausa sun yi amfani da harshen da muka saba ji a majalisin wa'azi, har mai sauraro daga bayan katanga ba zai bambance fim ake kallo ko kaset ɗin tafsiri ba. Abin ya yi mana daɗi, mutanen da suka gaji da rawar Indiya suka samu abin da za su kalla tare da iyali ba kunya. Daɗin ne ya sa ba mu tambaya ba. Da Usman ya zo da abin da bai yi mana daɗi ba, sai muka tuna akwai abin da ake kira bincike.

Abin mamakin ma, babban abin da ya ƙona wa Malam rai yana cikin 'yan wuraren da fim ɗin ya jingina da tsohon littafi. Kisan da Usman ya yi wa baffansa Dundar a zango na biyu ba daga kan marubutan fim ya fito ba. Neshri, ɗaya daga cikin tsoffin marubutan tarihin Usmaniyya, ya kawo cewa Usman ya harbe Dundar da kibiya bayan saɓani ya shiga tsakaninsu. Fim ɗin ma sassautawa ya yi, ya ɓata kashi bayan kashi yana tara wa Dundar laifuffukan cin amana don mai kallo ya yarda kisan adalci ne. Idan wannan ya girgiza Malam, to ina ga abin da ya biyo baya a gidan? Sultan Sulaiman, wanda ake yi wa laƙabi da Kanuni, ya sa an shaƙe ɗansa Mustafa a 1553. Sultan Muhammad na Uku da ya hau gado a 1595 ya sa an kashe 'yan'uwansa maza 19. Daular da ta buɗe Kustantiniyya a 1453, ta yi ɗaruruwan shekaru tana hidimar Makka da Madina, ita ce dai ta yi wannan. Wanda yake son tarihinta sai ya ɗauka duka. Ga dukkan alama Malam ba tarihi yake nema ba, yabo yake nema, kuma Ertugrul ya ba shi yabo don babu rubutaccen abin da zai ƙaryata shi. Da zarar labari ya matso zamanin da alƙalami ya fara aiki, dole jini ya fara fitowa daga cikin gida.

Batun mata kuwa, na yi tsammanin kowa zai yi wannan ƙorafi ban da ɗan ƙasar Daura. Gaskiya ne an yi zuƙi, mace ɗaya ta zubar da sojoji goma ɗankwalinta bai goce ba, amma ai mazan ma haka suke yi, Turgut da gatarinsa yakan share runduna shi kaɗai Malam bai ce komai ba. Fitowar matan Turkawa fili ba ƙirƙirar zamani ba ce. Ibnu Batuta ya ratsa ƙasar Anadolu a farkon shekarun 1330, ya gana da Orhan ɗan Usman, ya kuma rubuta cewa a birnin Iznik matar sarkin ce ke zaune tana shugabantar dakarun da ke wurin. Ya lura matan Turkawan yankin ba sa rufe fuska, suna fitowa su yi wa baƙo sallama. Wannan Ibnu Batutan ne ya zo Takedda a 1353 ya ambaci Gobir, ba baƙonmu ba ne. Shi ma Asikpasazade ya lissafa wata ƙungiyar mata cikin rukunonin jama'ar Anadolu na wancan zamani. Mu kuma nan, labarin asalinmu da sarauniyoyi ya fara. Daurama ce ke mulki lokacin da aka ce Bayajidda ya kashe macijin rijiyar Kusugu, kuma har gobe akwai sarautar Magajiya a fadar Daura. Kishin Bala da Malhun, matan Usman biyu, shi ne na yarda an ja shi don a riƙe masu kallo. Amma a ce wai Bahaushe ya ga kishiyoyi a fim ya ce an kawo masa baƙuwar al'ada, wannan sai dai murmushi.

Malam ya kuma ce ya ga hotunan 'yan wasan a intanet, ya tarar ba su yi kama da salihan da suke fitowa ba, ya kira wannan munafunci. An yi irin haka a Pakistan. Da Imran Khan, yana firaminista, ya yaba Ertugrul, tashar gwamnati PTV ta fara nuna shi da harshen Urdu a azumin 2020, sai jama'a suka yi wa Esra Bilgic, wadda ta fito a Halima matar Ertugrul, ca a Instagram kan suturarta. Ita kuwa sana'a ta yi aka biya ta. Burak Ozcivit, Usman ɗin kansa, kafin nan ya yi suna ne a Kara Sevda, fim ɗin soyayya tsantsa. Turkiyya ƙasa ce da ta soke halifanci ranar 3 ga Maris 1924, ta raba addini da gwamnati a tsarin mulkinta, kuma masana'antar fim ɗinta a Santambul take, ba a zawiyya ba. Ba wanda ya ɓoye wannan. Ɗan wasa bai yi mana alkawarin limanci ba, mu muka ja shi gaba muka tayar da kabbara.

Akwai wurin da Malam ya kusa taɓa gaskiya ya wuce, wato siyasar da ke bayan abin. A Nuwamban 2012 Recep Tayyip Erdogan, yana firaminista, ya fito fili ya caccaki fim ɗin Muhtesem Yuzyil, wanda ya nuna Sultan Sulaiman cikin rikicin matan fada, yana cewa kakansu a kan doki ya ƙarar da rayuwarsa. Bayan shekara biyu tashar gwamnati ta fito da Ertugrul, Erdogan kuma ya ziyarci inda ake ɗaukarsa. Larabawa sun gane wasan. A Maris 2018 kamfanin MBC na Saudiyya ya dakatar da nuna fina-finan Turkiyya, a 2019 ya nuna Mamalik al-Nar, inda Sultan Salim na Ɗaya da ya ci Masar a 1517 ya fito a azzalumi, Tumanbai da aka rataye a ƙofar Alƙahira ya fito a gwarzo. A 2020 hukumar fatawa ta Masar ta yi gargaɗi kan fina-finan Turkiyya, tana ganin hanya ce ta faɗaɗa tasiri. Kowa na gyara kakansa. Mu ma ana neman kunnenmu, shi ya sa TRT Afrika da aka buɗe a 2023 take da sashen Hausa. Wannan ba laifi ba ne, haka ƙasashe ke yi, kuma ba yau aka fara ba. Mai Idris Alooma na Borno ya aika jakadu Santambul zamanin Sultan Murad na Uku a shekarun 1570, yana da Turkawa masu bindiga a rundunarsa, amma hakan bai hana shi aika wasu jakadun wurin Sarkin Maroko Ahmad al-Mansur ba a farkon shekarun 1580. Ya san hulɗa ce ta bukata. Abin lura shi ne wannan siyasa ta fi ƙarfi a Ertugrul, fim ɗin tashar gwamnati da Malam ya wanke, fiye da Usman na tashar kasuwa da ya tsine wa.

Kiran a hana kuwa ba zan daɗe a kansa ba. Fim ɗin ba a sinima yake ba balle a rufe ƙofa. Yana cikin mimori, yana tafiya daga waya zuwa waya, daga shagon caji na bakin tasha zuwa Yardaje da Garni da Rogogo, ya haye iyaka zuwa Magarya ya dawo. Idan aka matsa wa mai shago ya goge Usman, wurin ba zai zauna fanko ba, fassarar Indiya da rawar da Malam ya gudu daga gare ta za su koma mazauninsu. Hisba kuma tana da aikin da ya fi wannan.

Abin da ya fi damuna da ma'aunin Malam shi ne abin da zai yi wa namu labarin. Ma'aunin ya ce fim ɗin tarihi sai ya zama babu ƙari ko kaɗan, kuma sai jaruman Musulmi sun fito fes, mugu kullum daga waje yake zuwa. Bari mu ɗora wannan a kan garin da muke zaune.

Zango ba ƙaramin ƙauye ba ne a tarihin Daura. Wajajen 1805 Malam Isiyaku, mai riƙe da tutar Shehu Usman Ɗanfodiyo, ya ci birnin Daura, Sarkin Gwari Abdu ya fita da jama'arsa. Gidan sarautar Haɓe bai mutu ba. Ya yi ta ƙaura a arewa, daga baya ya rabu, reshe ɗaya ya kafu a nan Zango, wani a Baure, Fulani kuma suna riƙe da birni. Kusan shekara ɗari ana Daura uku, kowace tana cewa ita ce Daura. Sarakunan Zango sun rayu ne a inuwar Damagaram, ƙasar Sarki Tanimun mai igwa, suna neman hanyar komawa gidan kakanninsu. Komawar ba ta zo da takobi ba. Sai da Turawan Ingila da na Faransa suka ja iyakarsu, sannan a farkon mulkin Turawa aka ɗauko Malam Musa daga Zango aka mai da shi sarautar Daura. Ɗansa Abdurrahman ya yi mulki daga 1911 zuwa 1966, Muhammadu Bashar ya gaje shi har 2007, sannan Mai Martaba Umar Faruk Umar. Masanin nan M. G. Smith ya cika littafi guda, The Affairs of Daura na 1978, da wannan al'amari. Wato abin da aka rubuta kuma tsofaffi suka riƙe game da sarakunan Zango ya ninka abin da Turkawa suka mallaka game da Ertugrul. Akwai gudun hijira, akwai rabuwar 'yan'uwa, akwai mai ƙarfi a arewa da dole a lallaɓa, akwai dawowa gida bayan jikoki sun girma. Ba abin da marubucin fim zai nema ya rasa.

To Malam, a wannan fim ɗin wa za a mai da Noyan, mugun kwamandan Mongol na fim ɗin Ertugrul? Ba Mongol, ba Rumawa. Mai tutar Shehu Musulmi ne, sarkin da aka kora Musulmi ne, Sarkin Damagaram Musulmi ne. Idan aka nuna zafin korar, wani zai ce an taɓa jihadi. Idan aka nuna hujjar masu jihadi, wani zai ce an taɓa gidan da ke kan gado. Idan aka nuna hannun da ya mai da sarauta, hannun Nasara ne. Kuma ba wanda ya ajiye mana abin da Sarkin Gwari Abdu ya faɗa wa Magajiya a daren da za su bar gari, dole marubuci ya sa musu magana a baki, wato dole ya yi ƙarin da Malam ya kira ƙarya. Da ma'aunin Malam, kashin farko ba zai fita ba an rubuta takardar ƙorafi. Ina kyautata zaton wannan tsoron yana cikin abin da ya sa masu fim ɗinmu, waɗanda suka nuna za su iya riƙe mai kallo shekara da shekaru da Labarina da Izzar So, suke kewaye tarihin masarautu su tsaya a falon attajiri da ofis. Kuɗin dawaki da sulke ma matsala ne, ban musa ba, amma kuɗi kan samu idan an san ba za a ƙone aikin ba.

Mu da muke zuwa Sallar Gani muna jin labarin Bayajidda, mun iya riƙe abu biyu a lokaci ɗaya. Mun san masana suna jayayya kan ko ya zo daga Bagadaza, kuma hakan bai hana mu kai baƙo ya ga Kusugu ba. Ban ga dalilin da zai sa wannan basirar ta gagare mu a gaban akwatin talabijin ba. Yaron da ya tambayi Malam a aji ko da gaske Usman ya kashe baffansa ya ba shi darasin tarihi na mako guda kyauta: wa ya rubuta, yaushe ya rubuta, wane sarki yake yi wa hidima, me ya sa mai fim ya ƙara wa Dundar laifi. Hana shi kallo ba zai koya masa ko ɗaya daga ciki ba.

Idan Malam ya gaji da Usman, ya daina kallo, ni ma akwai zangon da na tsallake. Amma tunda ya ce zai sake rubutu kan irin fim ɗin da ya dace da 'ya'yanmu, ina roƙonsa ya ɗauki shekara ɗarin nan ta Zango ya gwada ma'auninsa a kanta, ya faɗa mana wa zai zama jarumi, wa zai zama mugu, kuma wane ɓangare zai yarda a nuna ko da bai yi wa gidansu daɗi ba.